Labulen Hawa na Huɗu

"An ce tsohon nan mai gyaran lifta an kusa sallamarsa."

"Wa? Baban Sama?"

"Shi. Sabon manaja ya ce ya neme shi a intanet, ko inuwarsa bai gani ba. Kamfani za a kawo, masu riga iri ɗaya."

"Allah sarki. Zo mu bi matakala, da alama yau ma yana ciki yana shafa mata mai."

Yana ciki kuwa. Yana tsugune a kan rufin lifta ta biyu da tocila a baki, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da masu maganar. Ya jira ƙarar takalmansu ta yi nisa, sannan ya ƙarasa ɗaure notin da ke hannunsa.

Shekara goma sha tara ke nan yana kula da lifta uku na wannan bene mai hawa tara. Masu gadi ne suka laƙa masa Baban Sama, don duk wanda ya zo nemansa sai a ce yana sama, a ɗakin inji. Takardarsa ɗaya ce a duniya, ta kwas ɗin wata shida, ta yi rawaya don tsufa. Sauran iliminsa a kunne yake. Daga ƙasa yakan ji lifta ta tsaya a hawa na bakwai ya ce birkinta yana son dubawa, a hau a tarar haka ne.

Da yamma manaja ya kira shi. Bai wulaƙanta shi ba, ya ba shi kujera, ya kira shi Baba. Ya ce nan da sati shida kwamitin masu benen zai zauna, duk mai son aikin kula da lifta zai kawo shaidar ƙwarewarsa. Ya ce yanzu mutane kan duba dandalin nan na ma'aikata da kamfanoni, inda kowa ke da shafi yana nuna abin da ya iya, kuma kamfanin da ke neman aikin mabiyansa sun fi dubu ashirin. Baban Sama ya yi godiya, ya fita, ya tsaya a gaban lifta ta uku ya daɗe bai danna maɓalli ba.

Ranar Asabar ƙanwar matarsa ta zo. A sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani take aiki, shi ya sa yake ce mata Madam Ofis, ita kuma ba ta taɓa barinsa ya sha ruwa cikin salama ba. Da ta ji labari ta ce abin ba wuya, ta tsayar da shi a jikin bangon falo, ta ce ya daina kallon waya kamar wanda aka kama da kayan sata, ta ɗauki hoto goma sha biyu kafin ɗaya ya yi. Ta buɗe masa shafi, ta rubuta rubutun farko da kanta, ta karanta musu shi da matarsa. A ciki an ce shi ƙwararren masani ne mai hangen nesa a fannin sufuri na tsaye, kuma yana farin cikin sanar da duniya hakan.

"Wannan mutumin a ina yake aiki?" ya tambaya. "Ina so in gaishe shi."

Rubutun ya samu dangwale tara, wato mutum tara suka danna alamar ya burge su. Biyar daga abokan aikinta ne da ta matsa musu, ɗaya nasa ne, yatsansa ne ya zame. Na sati na biyu ya samu bakwai. Madam Ofis ta ce akwai ƙa'ida: layin farko ya kama mutum, jimloli gajeru, a rufe da tambaya. Ya ce ya ji, amma shi ba shi da abin sanarwa, ba a ƙara masa girma ba, bai je taro ba. Matarsa tana ninke kaya ta ce abin mamaki, mutumin da shekara ashirin ba ya barinsu su ci abinci sai da labarin lifta, yau shi ne ba shi da abin cewa. Ta ce ya rubuta wanda yake ba su kawai, su ma su huta, wasu su ɗauka.

Kwana uku ya yi yana rubutawa, a lokacin hutun rana, a ɗakin inji, zaune a kan bokitin da ya kife, da yatsa ɗaya. Bai nuna wa kowa ba ya ɗora. Ga abin da ya rubuta:

"Na yi sati uku ina gyara abin da bai lalace ba.

Lifta ta ɗaya takan ƙi rufe ƙofa a hawa na huɗu, Talata da Juma'a, wajen goma na safe. Na zargi waya. Na zargi injin ƙofa. Na canja abin da lafiyarsa ƙalau.

Wata rana mai shara ta same ni zaune a ƙasa ina kallon ƙofar. Ta ce ita dai ta lura, duk ranar da ta zuge labule za ta goge taga, wannan abar sai ta yi gardama. Ashe rana ce ke shigowa ta dallare idon ƙofar, ƙofa ta ɗauka akwai mutum a tsaye. Labule ne maganin.

Tun daga ranar, kafin in buɗe jakata sai na tambayi masu shara.

Kai wa ya taɓa koya maka aikinka bai san ya koya maka ba?"

Ko awa ba a yi ba Madam Ofis ta kira. Ba ta yi wasa ba a wannan karon. Ta ce, mijin Yaya, ka san manaja zai karanta wannan? An ce ka kawo shaidar ƙwarewa, kai ka kawo shaidar ka ɓata sati uku. Bayan ita wani tsohon abokin sana'arsa ya kira, ya ce ya zubar musu da mutunci. A aikinsu idan an gama sai a rubuta "an gyara" a sa hannu, ba a taɓa gaya wa mai bene cewa an yi lalube ba.

Ya buɗe shafin zai goge. Sai ya ga wata mata ta yi sharhi a ƙarƙashi: ita ke kula da wani otal, ƙofar liftarsu ma tana irin wannan, an kira masu gyara sau huɗu.

To akwai abin da tsohon maigidansa ya koya masa tun kafin ya koya masa riƙe sukudireba. Idan mutum ya maƙale a lifta, ba gyara ake fara yi ba, magana ake fara yi masa ta ƙofa. A ce ina jin ka, a tambaye shi ku nawa ne, akwai fitila, kada a bar shi ya yi magana shiru ya amsa masa. Haka Baban Sama ya ɗauki sharhin matar. Ya rubuta mata: ina jin ki, a wane hawa take yi, da ƙarfe nawa, taga tana kallon ƙofar? Ta amsa. Ya sake tambaya. Kafin su gama wasu uku sun shigo, su ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya manta da zancen gogewa.

Washegari matar ta dawo ta ce ba taga ba ce, madubi ne da aka rataya a wurin, sun cire, ƙofa ta rufe. Daga nan abin ya ɓalle. Wani likita ya ba da labarin mai tura keken marasa lafiya da ya nuna masa abin da bai gani ba. Direbobi suka shigo, malamai, masu ɗinki. Wani matashin injiniya ya rubuta cewa duk wanda ya yi karatu a ranar farko zai duba hasken. Baban Sama ya amsa masa: gaskiyarka ɗana, bayan haske kai me kake dubawa na biyu? Bayan kwana guda matashin ya dawo da jeri mai tsawo, suka yini suna musu a kan na uku da na huɗu. Cikin kwana biyar mutum dubu goma sha ɗaya suka dangwala, sharhi ya haura ɗari shida, babu wanda bai samu amsa ba.

Madam Ofis ta zo ranar Asabar ta zauna tana juya wayar. Ta bayyana masa cewa dandalin yakan ƙara yaɗa rubutun da mutane ke ta magana a ƙarƙashinsa, don haka amsoshinsa ne suka tura abin gaba, dabara ce da ake biyan mutane su koyar. Ya ce shi bai san dabara ba, amma ta yaya mutum zai yi maka magana ka bar shi a ciki? Ta ce daga yau ta sauka daga kujerar malama, sai dai hoton har yanzu nata ne, kada ya manta.

Ba duk rubutunsa ne ya tashi ba. Sau ɗaya kansa ya ɗan kumbura, ya rubuta nasiha bakwai ga matasa, irin wadda ya ga manya na yi. Mutum talatin suka kula. Ya koma kan abin da hannunsa ya taɓa: warin birki idan ya fara ƙonewa, da ranar da ya yi awa ɗaya yana hira ta ƙofa da wata mai tsohon ciki har aka fito da ita tana dariya. Matasan masu gyara suka riƙa aiko masa da sautin injinansu su ce Baba saurara. Abu ɗaya ne ke damunsa. Dandalin yana nuna wanda ya leƙa shafinka, ya ga manaja ya leƙa sau huɗu, ko sharhi ɗaya bai bari ba.

Ranar zaman kwamiti, ɗakin taron sanyi kamar firiji. Mutum biyar a dogon tebur. Wakilin kamfani, matashi mai ƙaramin gemu, ya yi minti ashirin yana nuna hotuna a bango, kuma ya iya magana. Baban Sama ya ajiye takardarsa mai rawaya a gabansa ya rufe ta da hannu.

Shugabar kwamitin dattijuwa ce mai tabarau. Ta zaro takarda daga jaka, ya hango rubutunsa na labule ne aka buga. Ta tambaye shi ko da gaske sati uku ya yi. Ya ce ƙwarai, ranki ya daɗe. Ta ce da bai rubuta ba, da za su taɓa sani? Ya ce a'a. Sai ta juya ga matashin ta ce a duk hotunan nan ba ta ga ranar da kamfaninsu ya yi kuskure ba, shin ba sa yi ne?

Matashin ya sosa gemu. Ya ce suna yi, ba sa rubutawa ne. Sannan ya dubi Baban Sama ya ce, Baba, ni ne wanda muka yi musu a kan na uku da na huɗu, kuma har yanzu ina kan bakata. Ya ƙara da cewa a ofishinsu shugaban sashe ya tura wa kowa rubutun, ya ce a riƙa tambayar masu shara.

Aka yi dariya, har manaja. Dattijuwar ba ta yi ba, ta dai cire tabarau ta ce jikokinta suna hawa wannan lifta, kuma ta fi son mutumin da zai gaya mata idan bai gane ba. Ba su ce kowa ya fita don su yi shawara ba. A nan take aka bar masa aikin, shekara uku, a rubuce. Ta tambaye shi ko yana da abin cewa.

Ya miƙe, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ya ce akwai matasa da yawa da ke aiko masa da sauti ta waya, amma waya ba ta ɗauko duka, sai mutum ya tsaya kusa da inji ya ji shi a ƙafarsa.

"Ranki ya daɗe, a ba ni izini duk ranar Asabar in riƙa hawa ɗakin inji da mutum biyu. Wannan mai gemun ma, in ogansa ya yarda, a sa min shi a sahun farko."