Ranar da Na Sauya wa Hajiya Fuskar Kwamfuta

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama matata Hajiya, kalma ɗaya ce ta rage a bakinta: "to". Da ita take amsa sallama, da ita take ƙin abinci, da ita take kuka. Hannunta da ƙafarta na dama sun daina aiki, kuma likita ya ce duk abin da ke gefenta na dama ba ta ganinsa, ko da idon a buɗe yake. Gyaɗa kai ma ba abin dogaro ba ne, don takan gyaɗa alhali a'a take nufi.

'Yarmu da take koyarwa a Garki ita ta samo dabara. Ta ɗauki tsohuwar kwamfutata ta cinya, ta zuba hotuna manya-manya a fuskarta: kofi, kwanon tuwo, matashin kai, carbi, fanka, da wasu da yawa. Kowane hoto ta ɗauki muryarta ta haɗa da shi. In Hajiya ta ja linzamin kwamfutar da hannun hagu ta danna kofi, sai ka ji muryar 'yarmu ta ce, "Ruwa nake so." Hutun makaranta guda suka yi suna jera hotunan nan tare, uwa da 'ya. Ni ina zaure ina jin rediyo.

Karatuna bai yi nisa ba. Aikin buga takardu na yi a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kiyawa, daga keken rubutu har zuwa kwamfuta. Bayan na yi ritaya muka dawo Dutse, wani mai gyara a kasuwa ya sa min Linux, wato manhajar da ake ba kowa kyauta, saboda ita kaɗai tsohuwar na'urar take iya ɗauka. Na koyi 'yan abubuwa a kanta, kuma na ɗauki kaina masani fiye da yadda nake. Wata da watanni wani saƙo yake fitowa a kusurwa, yana cewa zubin da muke kai ya tsufa, an daina aiko masa gyara, akwai sabo. 'Yarmu ta gani, ta ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa sai na zo." Na ce to. A raina kuwa na ce, yarinyar da ni na koya wa ɗora yatsu a kan haruffa.

Ƙanwar Hajiya ce take zaune da mu, ita take yi mata wanka da duk wani abu na mata. Ran nan ta yi sammakon tafiya suna Aujara, za ta dawo da yamma. Tana ɗaura mayafi a tsakar gida ta ce min, "Malam, yau na huta da wanki, Yaya ba ta ɓata shimfiɗa ba ko kaɗan." Na ce madalla. Hajiya tana barci, gida shiru, akwai wuta. Na ɗauko kwamfutar daga kan ɗan teburinta, na haɗa ta da wayata, na danna inda aka ce a danna.

Sai da hantsi ya yi sosai ta gama. Da ta sake kunnuwa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Fuskar ta yi kyau, launi mai sheƙi, amma wayam take. Babu kofi, babu carbi, babu komai. Na ja linzami, kibiyar ta tsaya tana tunani kafin ta biyo hannuna. Iska mai zafi tana fita ta gefen na'urar kamar za ta ƙone. Na lalubo cikin ma'ajiya, na ga hotunan suna nan, ba su goge ba. Sabon zubin ne kawai ba ya yarda a baza abu a kan fuskarsa.

Ina cikin haka na ji "to" daga ɗaki.

Na same ta ta farka, goshinta da gumi. Idonta ya tafi kan teburin, ya dawo kaina. Na ce, "Yanzu zan kawo miki, gyara nake yi." Na kawo ruwa a kofi, ta kawar da kai. Hajiya ba ta taɓa ƙin ruwan safe ba. Na kawo koko, ta ture cokalin har ya zuba a kan zane. Na gyara matashi, na kunna fanka, na juya ta ɗaya gefen kamar yadda aka koya mana. Da na juya ta sai ta yi wani nishi daga can cikin ƙirji, ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kai ne yake ciwo?" na tambaye ta.

"To."

"Ƙirji ne?"

"To. To."

Ta saki hannuna ta nuna ƙofa. Na buɗe ƙofar, na ɗage labule. Ta sake nunawa. Na buɗe taga. Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunne.

A ranar da ciwon ya fara kama ta, da gumi irin wannan ya fara. Likita ya gaya mana yana iya dawowa, kuma in ya dawo ba a ɓata lokaci. Na kira 'yarmu, wayarta a kashe, ranar suna tsaron jarrabawa. Na kira mai adaidaitan da yake kai mu asibiti, ya ce ya kai kaya Kiyawa, yana sauke su zai kamo hanya. Na gwada ɗaga ta in zaunar, ta ƙanƙame ƙarfen gado, tana girgiza kai, tana kallon tebur. Abin da take so a fili yake. Kwamfutar ce bakinta, ni kuma na ɗauke ta.

Na kawo kwamfutar na ajiye a gabanta, ko za ta gane hotunan a cikin ma'ajiya. Sun zama 'yan mitsi-mitsi, a jere kamar ƙwayar gero. Ta ja linzami zuwa saman hagu, inda hannunta ya saba zuwa, ta danna wurin da babu komai. Ta sake dannawa. Sannan ta dube ni. Shekaru masu yawa muna tare, ban taɓa jin ta ɗaga min murya ba, 'yar Fulani ce mai kunya, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba. Wannan kallon ya fi min kowace tsawa.

Na fita tsakar gida na kira mai gyara. Yana Kano sayen kaya, hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Baba, kai da na ce ka riƙa tambaya? Ka ɗora wa tsohuwar na'ura kayan da ya fi ƙarfinta."

"Ba lokacin wasa ba ne. Ana iya komawa tsohon zubin?"

"Sai an goge komai an sake zubawa. Wannan sai na dawo."

Na jingina da bango. Sai muryarsa ta canza.

"Baba, saurara. Ita Linux, injin daban, fuskar daban. Bar injin yadda yake. Akwai fuska mara nauyi, irin ta tsofaffin na'urori, ita tana yarda a baza hotuna. Buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, in karanto maka."

Ya karanto min harafi bayan harafi. Ni da na ci abinci da buga rubutu, sai ga ni ina lalube a kan haruffa. Na yi kuskure, na goge, na sake. Rubutu ya fara gudu a baƙin allon. Ya ce in ya tsaya, in fita kamar zan kashe, a wurin da ake sa kalmar sirri akwai ɗan maɓalli a gefe, in zaɓi sabuwar fuskar daga nan.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Kwamfutar tana kan tabarma a bakin ƙofa, inda waya ta fi samun sabis, ni kuma ina kai da komo tsakaninta da gadon. Numfashin Hajiya ya zama gajere. Ta naɗe ƙafarta mai lafiya, ta miƙe, ta sake naɗewa. Ina duba bakinta ko ya ƙara karkacewa, ina kiran ta in ga ko idonta zai biyo ni. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na riƙa tunanin abin da zan gaya wa 'yarmu in ta kunna waya ta tarar da saƙon rasuwa, ta tambaye ni me uwarta ta ce a ƙarshe.

Rubutun ya tsaya. Na yi yadda ya ce. Wata fuska ta fito, toka-toka, ba ado, kibiya tana gudu kamar da. Hotunan suka bayyana. Na yi hamdala da ƙarfi, na kai mata da sauri.

Amma ba a wurarensu suke ba. Na'urar ta jera su yadda ta ga dama, ƙanana, wasu sun tafi can dama inda ba ta gani. Hajiya ba ta karatun boko, kuma tun ciwon ba ta gane hoto da sauri. Da wuri ta haddace su, kamar yadda ta san inda gishiri yake a madafa ko babu fitila. Ta danna saman hagu, ba abin da ya faru, don wannan fuskar sai an danna sau biyu da sauri, ita kuwa hannunta ba ya iyawa. Na shiga saituna ina lalube har na samo inda ake mai da shi dannawa ɗaya, na ƙara wa hotunan girma. Ta sake danna saman hagu. Muryar 'yarmu ta ce, "A kunna min rediyo." Hajiya ta buga linzamin a kan tebur.

Na ce zan mayar da su yadda suke. Na ɗora hannu, sai na tsaya. Ban sani ba. Kullum ina wucewa ta gaban allon nan, ina jin muryar tana fita, ban taɓa tsayawa na duba me yake ina ba. Kofi a sama yake ko a tsakiya? Ban ma san yawansu ba.

Abin da ya rage shi ne in nuna mata su ɗaya bayan ɗaya. Na jawo kofi zuwa saman hagu, ta kawar da kai. Na jawo hoton kai mai ɗaure da ƙyalle, ta kawar. Ƙirji, haƙori, kwalbar magani, duk ta kawar. Gumi yana ɗiga daga gemuna a kan haruffa. Can ƙarshen dama na ga hoton wani mayafi shuɗi a ninke. Na ɗauka na sanyi ne, har na tsallake shi, don ana zafi. Da na rasa na jawowa na dawo kansa. Kafin in sake shi ta ture hannuna, ta danna.

"A kira min mace."

Ta sake dannawa. "A kira min mace."

Ban tsaya neman takalmi ba. Maƙwabciyarmu tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na same ta tana tsince shinkafa. Ta shigo, ta dubi Hajiya, ta dube ni.

"Malam, ɗan ba mu wuri."

Na tsaya a tsakar gida. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara ɗankwali.

"Fitsari ne ya tsaya mata. Mararta ta yi tauri kamar ƙwarya. Tun yaushe rabon da ta yi?"

Maganar ƙanwarta ta safe ta faɗo min. Na gaya mata.

"Tun jiya ke nan. Kai kuma kana ta ɗura mata ruwa da koko? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Malam. Ko tari ka yi ina ji."

Ƙofar da Hajiya take nunawa tun safe, maƙwabciyar take nufi. Da ta nuna min mararta da na gane, amma Hajiya ba za ta taɓa yin haka a gabana ba, ko da za ta mutu. Shi ya sa ita da 'yarmu suka yi wannan hoton, suka ba shi wurin da hannunta ya fi saurin kaiwa.

Mai adaidaita ya iso, maƙwabciyar ta riƙe ta a baya, ni ina gaba kusa da direba. A asibiti suka sa mata robar fitsari, suka ce da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu. Kafin la'asar ta yi barci, fuskarta ta saki. 'Yarmu ta kira bayan an tashi jarrabawa, na gaya mata komai, ban rage ba. Da na gama ta ce, "Baba, ka ci abinci kuwa?"

Da aka sallame mu, ni na zauna da Hajiya muka sake jerin. Ina jawo hoto ina zagayawa da shi a hankali, in ya zo wurinsa sai ta taɓa min hannu. Mun ɗauki kwanaki, don tana gajiya. Mayafi a saman hagu, kofi a ƙarƙashinsa, sai carbi. Da muka gama na ɗauki hoton allon da waya, na kuma haddace shi. Muna nan kan fuskar mara nauyi har yau. Duk sanda saƙo ya fito a kusurwa cewa akwai sabon abu, nakan rufe shi, in jira 'yarmu.

A cikin hotunan akwai na hulata, wanda yake cewa, "A kira min Malam." Shi ya rage na ƙarshe. Na zagaya da shi ta sama, ba ta taɓa ni ba. Na bi ta tsakiya, ba ta taɓa ni ba. Sai da na kai shi can ƙasa, dab da inda ganinta yake ƙarewa, sannan ta ɗora yatsunta a kan hannuna. Na tambayi 'yarmu, ta ce nan yake tun farko. Na bar shi a wurin. Yanzu a ɗakin nake jin rediyona, a kan kujera ta hagun gadon, inda take ganina.