Ruwan Setapak da littattafan Dakta Zahraddeen

Zahraddeen ɗan unguwar Gwale ne, kuma Larabci ya karanta a Kano. A can ya haɗu da Farfesa Odile Vasseur, wata dattijuwa Bafaranshiya masaniyar tsohon Girkanci. Ita ta nuna masa cewa da yawa daga littattafan likitancin Larabawa daga Girkanci aka fassaro su. Ta tafi da shi ƙasarsu, ta koya masa harshen. Da ta rasu, 'ya'yanta suka aiko masa da littattafanta.

Koyarwa ce ta kawo shi Kuala Lumpur. Ya kama gida a ƙasan bene a unguwar Setapak, ya jibge katan-katan ɗin littattafan a falo.

Wata Asabar bayan azahar ruwa ya kece. Yana rubutu ya ji muryar matarsa Hafsatu.

"Baban Rumaisa, ruwa ya shigo kicin!"

"Ɗauki yarinyar ki hau sama, ina zuwa."

Ya fara jidar littattafai zuwa matattakala. Kafin ya yi sawu uku ruwa ya kai gwiwa, wuta ta ɗauke. Yana ɗauke da katan ya ji ana dukan ƙofar gidan da ke kusa da nasu daga ciki. Maƙwabciyarsu ce, Mak Cik Rosnah, tsohuwar da ba ta iya tafiya sai da sanda, ɗanta kuma yana wurin aiki.

Ya ajiye katan ɗin, ya tura ƙofar, ta ƙi motsi.

"Ka fito! Ruwan ƙaruwa yake yi!" in ji Hafsatu daga sama.

Ya sa kafaɗa ya yi ta dukan ƙofar har ta ɓalle. Ya tarar da tsohuwar a kan tebur tana salati. Ya goya ta, ruwa a ƙirjinsa, wani abu ya yanke shi a ƙafa. Santsi ya kwashe shi, ta ƙanƙame masa wuya har numfashi ya gagara. Wasu ɗalibai da ke kan matattakala ne suka miƙo hannu suka jawo su.

Washegari ya tarar da littattafan sun kumbura da laka. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka, ƙafarsa a ɗaure.

Kaɗan suka bushe. Binciken da yake yi kan tsofaffin littattafan likitanci ya tsaya cak, har yau bai kammala ba. Yana nan yana koyarwa, sun koma unguwar Sri Petaling, hawa na tara. Idan hadari ya haɗu, Hafsatu ta ce ba ya iya zama.