Duwatsu Bakwai na Gonar Susana

Duk wanda ya zauna a Muchalla a zamanin da ake ce wa jiharmu Gongola ya san Tizhe. In bai san sunansa ba, ya san wuyansa, domin wuyan nan a karkace yake zuwa hagu. Baƙi kan ɗauka haka aka haife shi. Ina! Wuyan Tizhe a miƙe yake sarai lokacin da ya sauko daga duwatsun Michika, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, da matarsa Rachael, da awaki biyu, da bakin da ba ya gajiya da magana.

Sana'arsa jera dutse. Mutanen tudu gonarsu hawa-hawa ce, kowane hawa da katangar duwatsu da ke riƙe ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Ba siminti, ba laka, dutse ne kawai bisa dutse. To a wannan aiki Tizhe ba shi da na biyu. In ya ɗauki dutse ya juya shi sau ɗaya, ya riga ya san inda zai zauna. Kuma ba ya bari ka yabe shi, shi da kansa yake riga ka. Aikinsa na biyu, wanda ya fi so, shi ne buga ƙararrawar majami'a. Ƙararrawar ma ƙarfen tayar babbar mota ce da aka samo a tashar Mubi aka rataye a reshen tsamiya. In Tizhe ya sa mata guduma ran Lahadi da safe, kaji sai su watse, mai niyyar makara kuwa sai ya fasa.

Gonarsa tana gindin tudu. A samanta akwai gonar wata gwauruwa, Susana, wadda kowa ke kira Maman Ƙauna. Mijinta Vandi ya yi shekara ashirin yana gina gonar nan kafin ya rasu. Shi ya jera katangun, shi ya yi ta zuba toka da kashin awaki har jar tsakuwa ta zama baƙar ƙasa. Abin da ya bar mata ke nan a duniya, kuma da shi take ci.

A ranin 1982 Tizhe ya tashi ƙara hawa ɗaya a gonarsa, sai manyan duwatsun gindi suka gaza masa. Na kirki suna can nesa bayan mayo, wato rafin da ke ƙasan gari. Na Vandi kuwa ga su a kan hancinsa, faffaɗa, masu kyau, a gindin katangar da ta raba gonakin biyu. Maman Ƙauna ta tafi Michika wajen 'yarta da ta haihu. Tizhe ya kwana biyu yana kallon duwatsun nan. A rana ta uku, da tsakar rana, ya zare guda bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya cusa ƙanana a gurbinsu, ya shafe da ƙasa. Ya ja da baya ya duba, har ya yi wa kansa kirari. Wa zai gane? Ai ko Vandin ne ya dawo sai ya duba sau biyu.

Ba wanda ya gane ɗin kuwa. Amma tuwo ya daina yi wa Tizhe daɗi. Mutumin da ba a iya rufe masa baki ya koma amsa gaisuwa da kai. Rachael ta dafa masa saiwa har kala uku, tana zaton shawara ce.

Ran Lahadin Ista, Fasto Kwaji, wani ɗan siririn dattijo mai tsohon keke, yana wa'azi a kan cewa babu laifin da ya fi ƙarfin gafarar Allah in mutum ya furta. Bai kai ƙarshe ba sai aka ji benci ya yi ƙara. Tizhe ne tsaye, gumi sharkaf.

"Baba Fasto, dakata! Jama'a, ni ɓarawo ne! Na saci duwatsun gwauruwa guda bakwai!"

Tabɗi! Majami'a ta kaure. Wasu na cewa kuɗi ya ce, wasu na cewa awaki. Da aka gane duwatsu ne, har wani ya yi dariya. Maman Ƙauna ba ta yi dariya ba, don ta san abin da dutsen gindi yake riƙe da shi. Duk da haka ta miƙe a gefen mata, ta kira Tizhe da sunan ɗansa, ta ce, "Baban Mark, na yafe maka. Allah ya yafe mana duka."

Dattawan ikkilisiya suka sa shi ƙarƙashin horo na wata shida, yadda aka saba. Zai zauna a bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake rabawa a sujada, gudumar ƙararrawa kuma aka karɓe. Kana tsammani ya yi baƙin ciki? Ko kusa! Tizhe ya fito yana tsalle kamar ɗan maraƙi. A mako guda ya kwashe duwatsun bakwai ya mayar da su gurbinsu, yana aiki yana waƙa. Duk wanda ya haɗu da shi a hanyar kasuwa sai ya sha labari: "An gafarta mini! Magana ta ƙare, ko tabo babu!" A bencin baya ma muryarsa ta fi ta 'yan gaba.

Abin da ya manta, shi da ya fi kowa sani, shi ne dutsen da ya kwana shekara ashirin a wuri ɗaya ba ɗaya yake da wanda aka mayar jiya ba. Saiwoyin da suka ɗaure shi sun tsinke, ƙasar da ta rungume shi ta saki.

A watan Agusta aka yi wani ruwa tun hantsi har la'asar. Tizhe yana zaune a rumfa sai ya ji wani gurnani daga tudu. Ya fita a guje ba ko hula. Yana isa, a kan idonsa katangar ta buɗe, daidai wurin duwatsu bakwai ɗin nan. Hawa na ƙasa ya tafi, ya ja na samansa, na sama ya ja na sama. Baƙar ƙasar Vandi ta shekara ashirin ta gangaro da dawar Maman Ƙauna a cikinta. Rabi ya wuce mayo. Rabi kuwa ya zo ya kwanta luf a gonar Tizhe, a bayan katangunsa masu ƙarfi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon ruwan bai doki tsuntsun ba, gwauruwa ya doka. Da kaka ta yi, dawar Tizhe ta yi tsawon da ba a taɓa gani ba a Muchalla, zangarniya kamar a ce ta yi magana. Maman Ƙauna kuwa ko kwando biyu ba ta tara ba. Masu wucewa suna ce masa, "Kai, bana Allah ya yi maka albarka!" Kowace kalma kamar an watsa masa barkono a ido.

Ya sami Fasto Kwaji yana liƙin tayar kekensa, ya faɗa masa ba ko sallama.

"Baba Fasto, ba ka ce an gafarta mini ba?"

"An gafarta maka."

"To me ke nan? In hukunci ne, ai ni ya kamata ya sama. Me Maman Ƙauna ta yi?"

Fasto ya tsoma robar tayar a kwanon ruwa yana neman inda take yoyo. Ya ce, "Tizhe, kai ne maginin, ni zan koya maka? Zunubi ba ya tambayar gonar wa ke kan hanya. Tsakaninka da Allah an share, wannan Almasihu ya gama shi, ba da guminka ba. Amma gafara ba ta hawa tudu da ƙasa a ka. Ƙasa sai da kwando."

Tizhe ya tsura wa tudun ido. Can sai ya daka tsalle. "Kwando! Baba Fasto, kwando!" Ya bar dattijo da robarsa a hannu.

Ya fara da kai wa Maman Ƙauna rabin dawarsa, tana ƙi yana ajiyewa. Sannan ya rushe abin da ya rage na katangun ya sake jera su tun daga tushe, wannan karon ba waƙa, ba kirari. Da suka tsaya, ya ɗauki fartanya da kwando ya shiga gonarsa, yana kankare baƙar ƙasar yana hawa da ita. Mutane suka ce ya taɓu. Rachael ta yi faɗa har ta gaji, ta ce wane irin mutum ne ke kwashe arzikin gonarsa da kansa. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Ba tawa ba ce."

Wata shida ɗin horo sun daɗe da cika. An dawo da shi cikin jama'a, ya ci Jibin Ubangiji yana hawaye, an miƙa masa gudumarsa. Ya riƙa buga ƙararrawa ran Lahadi, Litinin da sassafe kuma yana kan tudu. Rani ɗaya, rani biyu, rani uku. Kafaɗar dama yake ɗora kwandon, ya kauda kai hagu, har wuyan ya saba ya ƙi komowa.

A rani na huɗu matan zumuntar majami'a suka gaji da kallo. Wata Asabar sai ga su sun ɓullo su wajen talatin, da kwanduna da tasoshi da ganga, Rachael ce ma a gaba, ita da ta fi kowa faɗa. Maza suka ji kunya suka biyo baya. Kai, ranar an yi abin kallo! Layi tun daga gindin tudu har sama, kwando na bin hannu, waƙa na tashi, ƙura na tashi, Fasto Kwaji da kansa ya naɗe wando. Tizhe yana gudu sama da ƙasa yana ihu, "A nan! A'a, can! Mama, a hankali da katangata!" Har muryarsa ta dushe.

Da kakar 1987 Maman Ƙauna ta shigo sujadar godiya da damin dawa a ka, daga gonarta, irin zangarniyar da Vandi ke yankowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Tizhe ya ruga gindin tsamiya ya hau dukan ƙarfen nan ba lokacinsa ba, ya buga, ya buga, har igiyar ta tsinke ƙarfen ya faɗo ya gangara cikin masarar Fasto. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

Sai dai hawa na can sama bai dawo ba. Shi ne na farko da Vandi ya gina, kuma ƙasarsa ce ta wuce mayo. Abin da ya rage falalen dutse ne tsirara, faɗin ɗaki biyu. Tizhe ya ƙi haƙura. Baƙar ƙasar da ke gonarsa ta ƙare, sai ya koma ɗebo ta bakin mayo. Ya zuba da rani, damina ta wanke. Ya sake zubawa, ta sake wankewa. Shekara uku ana haka. Ga shi ƙafa ta fara rawa, wuya ba ya barinsa barci, amma a ransa in falalen nan bai rufu ba, to shi har yanzu ɓarawo ne.

Wata safiya ya iso sama yana haki, sai ya tarar da Maman Ƙauna ta shanya kuɓewa a kan falalen, tun daga wannan gefe har wancan, ita kuma tana zaune a tsakiya.

"Mama, kwashe, zan zuba."

"Ba zan kwashe ba. Na sami wurin shanya, kana so ka ɓata mini?"

"Mama, saura kaɗan fa. In na ƙara rani ɗaya..."

"Baban Mark, ajiye kwandon nan." Ta taso ta kama bakin kwandon da hannu biyu. "Abin da ke dawowa ka dawo da shi. Wannan ba zai dawo ba, ni da kai mun sani. Na yi kukansa na gama. Kai kuma kana ta ɗaukar kayan da aka riga aka ɗauke maka a kan gicciye. Kana so ka ce wancan bai isa ba ne?"

Tizhe ya dubi falalen, ya dubi kuɓewar. Ya durƙusa a hankali, ta taya shi sauke kwandon. Ya zauna a gefen falalen ya yi kuka kamar yaro, ita kuwa ta ci gaba da juya kuɓewarta har ya gama.

Da zai sauka ya miƙa hannu zai ɗauki kwandon, ta buge hannun. Ta juye ƙasar a gindin wata 'yar bishiyar gwanda, ta ce kwandon ya zama nata, da shi za ta kwashe kuɓewa. Tizhe ya gangara gida hannu sake, karo na farko cikin shekara takwas, wuyansa a karkace zuwa hagu.