Daimon a Ƙarƙashin Guduma

Ba-Komai ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta sunan. Ka taka mata ƙafa a mota, kafin ka buɗe baki ta ce, "Ba komai." A ari tukunyarta a dawo da ita ba murfi, ba komai. Ranar da mijinta ya tattara nasa ya nasa ya bar ta a ɗakin haya da 'ya a goye ma, an ce abin da ta faɗa ke nan. Mutane kuwa in sun sami mai haƙuri, wallahi ba sa raga masa.

Sana'arta jinya. Ba ta asibiti ba, ba ta da farin kaya balle takarda. Ita ce wadda ake nema in tsoho ya kwanta, 'ya'yansa sun gaji. Ta san yadda ake juya mutum kada bayansa ya yi gyambo, ta san ɗumin ruwan da fatar tsufa ke iya ɗauka, ta san yadda ake lallashin wanda ya datse haƙora ya ƙi magani. Aikinta mafi tsawo a wani gidan bene ne, wajen wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ta shiga gidan 'yarta na rarrafe, ta fito yarinyar ta kusa gama sakandare. Duk shekarun nan ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce hawa da sauka da bokiti, har bayanta ya lanƙwashe, in ta sunkuya sai ta dafa bango kafin ta miƙe. 'Ya'yan tsohuwar kuwa sai ta waya: "Yaya jikin Mama? To, a ci gaba da ƙoƙari."

Da tsohuwar ta ji tafiya ta matso, ta sa aka kira babban ɗanta don ya zama shaida. A gabansa ta zare zoben da ke yatsanta, na zinari mai farin dutse, ta danƙa wa Ba-Komai.

"Daimon ne, 'yar nan," ta ce da karkataccen bakinta. "In na tafi ki sayar. Ki daina ɗaga mutane, bayanki ya ƙare."

Bayan rasuwar, Ba-Komai ta ƙulle zoben a hankici, ta tsara abinta: injin wanki, dutsen guga, da ɗan shago a bakin layi inda za ta yi aiki a tsaye ba ta ɗauki kowa ba. Zoben nan shi kaɗai ne hanyar hutunta, ba ta da wata.

Sai dai ba ta taɓa shiga shagon zinari ba, kuma ta ji ana cewa masu shagon suna shiga ciki da dutsen mutum su fito masa da kwalba. Don haka ta ce bari ta nemi ƙaninta ya raka ta. Rakiya fa kawai, jama'a! Ina ma ƙafarta ta yi ciwo ranar ta zauna a gida.

Ƙanin nata mai walda ne, ita ta yi goyonsa, shi kuma ya laƙaba wa kansa Injiniya. A faɗi gaskiya, ya iya ƙofa, ya iya taga. Amma yana da ɗabi'a ɗaya ta aiki: duk abin da ya haɗa sai ya rafka masa guduma. In bai motsa ba, aiki ya yi. In ya ɓalle, ƙarya ce. Da wannan gudumar yake auna duniya duka. Ta same shi a rumfarsa, baƙin gilashi a goshi, ƙasa duk guntayen rodi da ƙurar ƙarfe, maƙwabcinsa mai faci na zaune a kan tsohuwar taya suna hira.

"Auta, raka ni za ka yi shagon zinari."

"Mu gani, Yaya."

Ya juya zoben a baƙin tafinsa, ya taɓe baki. "Yaya, ke dai ba kya koyon darasi. Masu kuɗi ne za su ba mai wanke musu fo daimon? Kada mu je a yi mana dariya. Bari mu gwada a nan."

"A'a, mu dai je wajen masu abin."

"Su waye masu abin? Kin ga wannan?" Ya ɗago faifan da yake yanka tayil da shi. "Ƙurar daimon ce a bakinsa. Ƙura kawai, amma tana cin dutse, tana cin kankare. Babu abin da ya kai daimon tauri a duniya. In na gaske ne, gudumata ce za ta ji jiki."

"Haka yake," in ji mai faci, wanda bai taɓa ganin daimon ba ko a mafarki.

Karambanin akuya, gai da kura! Kafin ta ce wani abu ya sa filaya ya buɗe 'yan haƙoran da ke riƙe da dutsen, ya ɗora shi a kan guntun ƙarfen layin dogo da yake miƙe rodi a kai. Ta miƙa hannu tana cewa, "Auta, tsaya..." Ina! Ya riga ya sauke.

Ƙas! Dutsen ya tarwatse.

Injiniya ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Ban faɗa miki ba? Gindin kwalba! Shekara da shekaru kina kwasar ƙazanta, ga ladanki. Ki gode Allah ina nan, da yanzu kin sha kunya a kasuwa."

Ta durƙusa da wannan bayan nata, ta tsince ɓarɓashin daga cikin ƙurar ƙarfe, ta zuba a hankici. Ba don tana ganin zai yi amfani ba, ita dai ba ta saba barin abu a ƙasa ba. Ta ce, "Ba komai," ta tafi.

Amma a gida abin ya ci ta. Ba asarar shagon ce ta fi ƙona mata rai ba. Tsohuwar ce. Matar da ta yi wa wanka, ta taje wa kai, ta riƙe wa hannu har numfashin ƙarshe, ashe kallon sakarai take mata? Tun rasuwar ba ta taɓa idar da salla ba ta yi mata addu'a ba. A kwanakin nan ta daina. In ta ɗaga hannu sai bakinta ya yi nauyi, ta shafa ta tashi. Ta kuma karɓi wata sabuwar jinyar, wani dattijo mai jiki, a hawa na sama.

Ƙanin ne da kansa ya zo ya ce a je a sayar da zinarin, ko banza a rage asara, shi zai yi ciniki don kada a cuce ta. Kun ji mai hana cuta.

Shagon ƙarami ne, fitila fara tas, kaya a cikin akwatin gilashi. Mai shagon, wata mata mai tabarau, ta ɗora zoben a sikeli, sannan ta dube shi da ɗan madubin da ake mannawa a ido. Ta daɗe tana kallon haƙoran da aka wangale.

"Ba a yi wa kwalba irin wannan mazauni," ta ce. "Ina dutsen?"

"Na bogi ne, na gwada shi," in ji Injiniya yana hura hanci.

"Da me ka gwada?"

"Da guduma."

Matar ta sauke madubin a hankali. Ba-Komai ta kwance hankici ta ajiye. Matar ta ɗauko wata na'ura mai kama da biro, ta ɗora bakinta a kan ɓallin da ya fi girma. Na'urar ta yi ƙara, fitilarta ta kama. Ta sake a kan wani. Ta sake yin ƙara.

"Innalillahi," in ji matar. "Malam, ka san abin da ka yi? Daimon ne, mai kyau ma."

"Ai ya fashe! Daimon ba ya fashewa!"

"Wa ya gaya maka? Ba ya karcewa dai. Amma yana da jijiya kamar itace, in ka same shi daidai sai ya tsage. Baiwar Allah, da kin kawo shi yadda yake, minti ɗaya ya isa, a gabanki, ba a ko ciro shi ba."

"Yanzu fa?" in ji Ba-Komai.

"Yanzu sai dai masu yin faifan yanka tayil. Ba zai saya miki ko dutsen guga ba."

Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin sani mai guduma a hannu da baki a gaba, Allah ya raba mu da shi. Ba-Komai ta tsaya tana kallon ɓarɓashin yana walƙiya a ƙarƙashin fitila. Ashe gaskiya tsohuwar ta faɗa. Ta ba ta mafi tsadar abin da ke jikinta, ita kuwa ta hana ta addu'a a kan maganar mai walda. Hawaye ya zubo mata, ta ce a hankali, "Allah ya jiƙanki, Mama. Ki yafe mini."

Injiniya ya sosa ƙeya, ya matso. "Yaya, ai ƙaddara ce. Ni gyara na yi niyya. Ki yi haƙuri."

Ya tsaya yana jira. Tun yana goye a bayanta ya san amsar da ke biyo bayan wannan kalma, bai taɓa nema ya rasa ba.

Ta ƙulle hankicinta, ta ɗauki zoben da ba dutse ta zura a yatsa. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Sannan ta dafa bango ta miƙe bayanta, ta fita ta bar shi tsaye, don lokacin juya dattijon ya yi.