Hoton Kaka a Gaban Cittarta

Ko da zan manta duk hotunan da na taɓa ɗauka, wanda na ɗauki kakata a Nok ba zai fita daga raina ba. A lokacin ina koyarwa a Kafanchan, ban daɗe da sayen wata 'yar kyamara ta hannu ba, wadda murfin batirinta sai an ɗaure shi da roba. Kunyarta nake ji, sai na ce bari in rufe da gwaninta. Na yi ta kallon bidiyo a waya har na koyi dabara ɗaya tak: yadda fuskar mutum za ta fito tar, abin da ke bayansa kuwa ya koma dishi-dishi. Daga ranar kaina ya kumbura. Ko akuya na ɗauka sai na dusashe mata baya.

Ana nan sai Kaka ta aiko a kira ni. Gwiwoyinta sun gaji, ta ce noman cittar bana shi ne na ƙarshe, kuma tana so a ɗauke ta hoton da za a sa a takardar jana'izarta. A wajenmu wannan ba abin tsoro ba ne. Tsofaffi da yawa sun fi son su zaɓi nasu tun suna da rai, kada a je a yanko kansu daga hoton bikin wani.

Na isa na tarar ta sha zanen zumuntar matan coci, ta sa an ajiye mata kujera a bayan gida, gaban falalen dutsen da ta shanya cittarta bayan an tsaga.

"Maigida na, a nan za ka ɗauke ni," in ji ta. Haka take kirana tun ina ƙarami.

"Kaka, rana ta yi yawa, mu koma inuwa."

"A nan na ce."

Ban tambaye ta dalili ba. Ina ni ina tambaya, ni da na yi karatun bidiyo? Na durƙusa, na karkace, har kwanciya na yi a ƙasa maƙwabta suna kallo, ina jin kaina wani babban mutum. Na fito da fuskarta tar, na shafe bayan kamar yadda aka koya mini.

Kafin in wanke hoton in sa shi a gilashi in koma, masu sayen citta sun zo sun kwashe ta a buhuna. Dutsen ya zama fayau. Kaka ta riƙe hoton ta daɗe tana dubawa, ni kuma na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

"Fuska ya fito da kyau," ta ce. "Amma ina citta na?"

"Ga ta nan a baya, Kaka. Salon zamani ke nan."

"Wannan kunu ne, ba citta ba." Ta shafa gilashin da bakin zanenta, ko zai washe. "Duk wanda zai zo jana'iza ya san fuska na. Da citta na sa baban ka a makaranta. Shi nake so su gani."

Ba ta yi faɗa ba. Ta jingine hoton ta je ta kawo mini abinci, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Babu cittar da za a sake shanyawa baɗi, balle in ce zan gyara.

A mota, kan hanyar komawa, na yi ta bin hotunan da ke cikin kyamarar, zuciyata a dagule. Sai na ci karo da wani da na ɗauka bisa kuskure lokacin da nake fama da robar batiri, kyamarar tana kan saitin da take yin komai da kanta. Hoton ya ɗan karkace. Kaka ba ta ma zauna ba, ta sunkuya tana juya citta da hannu, bakinta a buɗe tana korar kaji. Amma komai ya fito, har jijiyoyin hannunta. Saura kaɗan da na goge shi tun ranar, don na ga bai dace da darajata ba.

Da na kai mata, ta duba sau ɗaya ta ce, "Yauwa, ga ni nan."

Da Ubangiji ya kira ta, wannan hoton aka buga a takardar jana'iza da riguna. Bayan sujada fasto ya kama hannuna yana yaba idona, wai na san lokacin da ya kamata a danna. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, ban ce masa roba nake ɗaurewa ba.

Yau in sabon mai koyo ya tambaye ni wace kyamara zai saya, nakan ce ya riƙe wadda aljihunsa ya kai, kada ya yi saurin goge hoto, kuma kada dabara ɗaya ta hau masa kai. Abin da Kaka ta koya mini shi ne, kafin ka danna, ka tambayi mutumin da ke gabanka abin da yake so a gani.