Gida Mai Ƙuri'a Ɗaya

Sau nawa mutumin da za ka jefa wa ƙuri'a ya yi maka sallama a shekarar da babu zaɓe? Ka taɓa zama ka ƙirga? Ummu Ziyad ta ƙirga, kuma ga abin da ƙirgar ta jawo mata.

Sunanta na yanka Wadad. 'Yar birnin Tarabulus ce, aure ya hau da ita dutse zuwa ƙauyenmu Kafar Lauz tana da shekara ashirin da biyu. Yau tana da sittin da ɗaya. Shekara talatin da tara ke nan tana shan ruwan garin, amma har gobe in ta wuce sai ka ji an ce, "Ga 'yar birni can." Tun da aka ɗaura aure aka ɗauke sunanta daga rajistar gidan ubanta aka mayar ta dangin miji, kamar yadda ake yi wa kowace mace, don haka a nan take zaɓe, a cikin 'yan Darwish. Mijin, Fawwaz, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansu tilo, Ziyad, yana Ostiraliya yana gyaran mota. Yakan kira ranar Lahadi, minti bakwai, in hira ta yi daɗi tara.

Gidan ɗaki uku, kujera shida, mutum ɗaya. Tukunyar gahawarta mai cin finjali biyu ce, don ba ta samu mai cin ɗaya a kasuwa ba. Ta sha ɗaya, ɗayan ya huce a gabanta. A kwana bakwai na mako sau ɗaya tak take cin abinci da mutane, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gidan yayan mijinta Haj Mamduh. Taku ɗari biyu da sha huɗu ne daga ƙofarta zuwa tasa. Akan zauna mutum sha tara, wani lokaci ashirin da uku, kujerarta ita ce ta ƙarshe kusa da ƙofar kicin. Ba mai tambayarta ra'ayi a wurin. Amma ana miƙo mata burodi, ana kiran sunanta, jikoki suna taka mata ƙafa. Wannan kujerar ita ce duk dangin da take da su a garin.

Sauran kwana shida kuwa, taga. Tagarta tana kallon abu biyu: hanyar ruwan da ake ban lambuna da ita, kowa da sa'arsa, da kuma ƙofar ofishin muhtar, wato mai unguwar da gari ke zaɓa. Wanda ba a ziyarta ya fi kowa ganin gari.

To, sai zaɓen muhtar ya zo. Kowa ya san ba haihuwa, ba mutuwa, ba takardar gona da ke tafiya sai da hatiminsa, kuma wanda ya samu hatimin ya riƙe shi shekara shida. 'Yan takara biyu ne. Akwai mai riƙe da shi, Ustaz Rafiƙ na dangin Hammud, tsohon malamin lissafi, mai fuska kamar ya tauna ɗanyen lemo. Akwai kuma Nazih, ɗan Haj Mamduh, saurayi mai fara'a, wanda ba ya wuce tsohuwa bai sumbaci kanta ba.

A mako ukun da suka rage wa zaɓe an ƙwanƙwasa ƙofar Ummu Ziyad sau goma sha ɗaya. A shekara huɗun da suka gabata, in ka cire kwana arba'in na zaman makoki, sau biyar.

Ranar Juma'ar ƙarshe, da aka kwashe kwanuka, Haj Mamduh ya fito da ambulan ya fara rabon takardu gida gida. Haka ake yi a wurinmu, kowane dangi ya buga takardar ƙuri'arsa ya raba wa mutanensa. Sunan ɗan takara ɗaya ne, amma kowane gida da irin rubutunsa: na wani manyan baƙaƙe, na wani ƙanana, na wani an haɗa har da sunan kaka. In aka zo ƙirga, wakilin dangi yana tsaye yana duba kowace takarda da aka ɗaga, ya san gidan da ya cika alkawari da wanda ya zame. A gida mai mutum goma, in takarda ɗaya ta ɓace, sai a yi ta zargin juna har a gaji. Gidan Ummu Ziyad takarda ɗaya aka buga masa.

"Ungo, matar ƙanena," in ji Haj Mamduh. "Taki ta fi ta kowa kyau, har da sunan kakanmu a ciki. Ki ninke ta ki sa a ambulan, shi ke nan, ba sai kin wahalar da idonki ba."

"Idona lafiya lau, Haj. Jiya ma na zura zare a allura."

Aka yi dariya. Ummu Nazih, matar gidan, ta ce, "Ka ji 'yar birni! A ba ta tuffa sai ta juya ta ga ko da tsutsa."

"Ai kin san wani lokaci akwai tsutsar," in ji Ummu Ziyad.

Haj Mamduh bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙuri'ar Fawwaz ce a hannunki, Allah ya jiƙansa. Da yana raye ba sai an faɗa masa ba."

Ta karɓa ta sa a jaka. Taku ɗari biyu da sha huɗu zuwa gida, takardar tana mata nauyi kamar dutsen niƙa.

Da safiyar Asabar ta ɗauko finjali biyu da kwanon ƙwallon zaitun da take tarawa don murhun sanyi. Finjalin dama Nazih, na hagu Ustaz. Ta kafa wa kanta sharaɗi uku. Abin da ido ya gani kawai, ban da na kunne. Ban da duk abin da aka yi a wata ukun nan, don alherin lokacin zaɓe kowa ya iya shi. Kuma aiki ɗaya ƙwallo ɗaya, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba.

Ta fara da Nazih, don shi take so. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar baffansa Fawwaz, ƙwallo ɗaya. Shi ya kai ta asibiti ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, ya jira awa huɗu bai ƙosa ba, biyu. Ya gyara mata rufin da ke yoyo, uku. Gaisuwa da sumbatar kai, ta ɗan yi jim, don gaisuwa ba ta cin komai, amma ta tuna akwai masu rowarta, ta jefa. Huɗu.

Sai ta kalli taga. Sa'ar ruwan Abu Sa'id, tsoho makaho mai 'yan itatuwan tuffa sha biyu, ranar Talata ce da hantsi. A bazara biyu ta ga Nazih sau tara yana gusar da dutsen da ke tare ruwa, ya karkata shi zuwa lambun ubansa, tsohon yana zaune a ƙofa yana jin ƙarar ruwa yana zaton nasa ne. Ta cire ɗaya. Ranar da 'yar tsohon ta tare shi, ya dafa ƙirji ya rantse bai taɓa ba, yana murmushi. Ta cire wani. Saura biyu.

Ustaz kuwa, ta fara da cirewa a zuci tun kafin ta sa. Shi ne ya ce wa Fawwaz jaki a bakin rijiya, gaban mutane, a kan rigimar katanga, har Fawwaz ya koma ga Allah ba sa ga maciji. Ta ji kamar ta kife finjalin ta huta. Ta tashi, ta share tsakar gida, ta dawo. Sharaɗi sharaɗi ne.

Yana buɗe ofis ƙarfe bakwai, a shekara huɗu kwana biyar ta ga ƙofar a rufe, ɗaya. Ya sauka cikin taɓo har tantunan masu aikin dankali don ya shaida haihuwar jaririn da ba wanda ya san ubansa a garin, biyu. Surukinsa ya fito daga ofis yana zage-zage da takardar iyakar gona a hannu, Ustaz ya ƙi sa mata hatimi, uku. Kwana arba'in da uku bayan rasuwar Fawwaz, lokacin da ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya, ya zo da takardun gadon a cike, ya nuna mata inda za ta sa hannu, bai zauna ba, bai sha gahawa ba, huɗu. Ta ci gaba har bakwai. Sannan ta cire ɗaya na jaki. Ta cire wani na tsawar da yake daka wa tsofaffi in sun manta hoto. Saura biyar.

Biyar da biyu. Ta sake ƙirgawa ko za su canza. Ba su canza ba.

Da safiyar Lahadi Ziyad ya kira. Da ta faɗa masa abin da ƙirgar ta nuna ya ce, "Haba Mama, ki jefa musu mana! Muhtar ne fa, ba shugaban ƙasa ba. Wa zai ba ki abinci ranar Juma'a, Ustaz?"

"Abinci ina da shi, ɗana."

"Kin san ba abinci nake nufi ba."

"Na sani."

Kiran ya ƙare a minti shida.

A makarantar firamare aka yi zaɓen, mata a aji biyu, maza a aji uku. A bakin ƙofa Nazih ya sumbaci kanta ya ce, "Matar Baffa, albarkarki muke nema." Ta ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," kuma har zuciyarta ta faɗa. Ta shiga bayan labule. Akwai fararen takardu da biro ɗaure da zare, waɗanda kusan ba mai taɓawa. Ta tsaya a wurin har matar da ke bayanta ta ce, "Ko kin yi barci ne, Hajiya?" Ta rubuta sunan Rafiƙ Hammud da hannunta, ta sa a ambulan, ta jefa, ta tsoma yatsa a tawada. Takardar mai sunan kaka ta koma gida a cikin jaka.

An jefa ƙuri'a ɗari shida da arba'in da ɗaya. Nazih ya ci da ratar talatin da takwas. Ƙuri'arta ba ta kayar da kowa ba, ba ta ɗaga kowa ba. Amma Suha, ƙanwar Nazih, ita ce wakiliya a ajin mata, kuma takarda mai sunan kaka ba ta fito ba.

Ranar Litinin ta gasa wainar dabino guda arba'in, ta ɗora a faranti, ta yi takunta ɗari biyu da sha huɗu. An yanka raguna uku, tsakar gida cike. Da ta shiga, hira ta mutu.

"Ah, ga 'yar Hammud," in ji Haj Mamduh. "Kin ɓata hanya ne? Gidan makoki yana can sama."

"Barka na zo yi, Haj. Ɗanmu ya ci."

"Ɗanmu! Shekara talatin da tara kina cin gishirinmu."

"Na ci, kuma ban manta ba. Ban sayar da ku ba, ban zage ku ba. An tambaye ni wa zai riƙe hatimi, na faɗi abin da na gani."

Nazih ya matso, fuskarsa ta yi ja. "Me na yi miki, matar Baffa? Ni na kai ki asibiti."

"Kai ne, kuma na ƙirga maka shi." Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Talata da hantsi, Nazih. Tagata tana kallon dutsen. Sau tara. Yanzu hatimin gari yana hannunka, kuma masu zuwa wurinka da yawansu ba sa ganin abin da ke cikin takarda, kamar yadda Abu Sa'id ba ya ganin ruwa."

Ta ajiye farantin ta fita. Ba wanda ya ce ta zauna.

Juma'a ta zo. Ummu Nazih takan leƙo ta baranda ta ƙwala mata kira in an sauke shinkafa. Ba a kira ba. Ta dafa shinkafa da waken adas na mutum ɗaya, ta ci a tsaye. Ustaz Rafiƙ kuwa bai san ma ta zaɓe shi ba. Sun haɗu a hanya, ta gaishe shi, ya amsa kamar ana cire masa haƙori.

Garin ya yi wata biyu a rabe. An fasa baiko ɗaya, an daina sayen burodi a gidan burodin 'yan Hammud, wasu 'yan'uwa biyu suka raba bututun ruwa. Ita dai kullum da safe in Haj Mamduh ya wuce ta ƙasan taga sai ta ce, "Barka da asuba, Haj." Ya yi kamar bai ji ba. Wata maƙwabciya ta ce mata, "Ke ba ki da zuciya ne?" Ta ce, "Hatimi shekara shida ne. Kabarina yana kusa da na ƙaninsa, nasa kuma yana ɗaya gefen. Gara mu saba gaisawa tun yanzu."

A Juma'a ta tara ta tarar da kwano a rufe a kan katangarta, shinkafa da naman rago, da ɗuminsa. Ta gane kwanon Ummu Nazih ne. Ta wanke ta mayar kan katanga da gyaɗa a ciki. Tun daga ranar kwanon bai fasa zuwa ba. Kujerar dai ba ta dawo ba. Yau Juma'a ashirin da biyu ke nan, kuma an ce an sa injin wanki a inda take.

Wata Talata a tsakiyar bazara, da hantsi, ta ga Nazih ya zo bakin dutsen ruwa. Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli tagar. Sannan ya sunkuya ya cire ciyawar da ta toshe hanyar Abu Sa'id, ya tafi. Ko don Allah ya yi ko don taga, ba ta sani ba. Ido dai ya gani. Ta tashi ta jefa ƙwallo a finjalin dama. Uku ke nan, kuma saura shekara biyar da wata tara.

Finjalan suna nan a bakin taga, shi ya sa yanzu take shan gahawarta a kofin shayi.

Kai ma kana da finjali biyu a gida, in babu ƙwallon zaitun akwai wake. Kafin zaɓe mai zuwa, ka zauna da safe kai kaɗai, ka cire abin da aka faɗa maka, ka cire alherin wata ukun ƙarshe, ka sa wa wanda ba ka so abin da ya cancanta. Ka ƙirga sau biyu. In ka gama, ka fita ka gaida maƙwabcinka, ko wa ya zaɓa. Don Allah ka gwada.