Telan da Ya Ɗaure Agararsa da Ƙyalle

Faɗan da na yi da ƙanena tela a kan ƙafarsa ne, kuma a shagonsa muka yi shi, gaban wata mata da ta kawo gyaran riga. Na tarar yana taka keke, ya naɗe bayan dunduniyarsa ta dama da ragowar yadi har ta koma kamar dami.

Na ce, "Auta, ƙafa ce wannan ko kayan wanki?"

Ya ce, "Yaya, ko sallama babu?"

"Na yi, kekenka ya cinye. Kwance tsumman nan mu tafi asibiti."

Ya ce in bar shi ya ƙarasa hannun riga. Na zare zaren daga allura na riƙe a hannuna. Matar ta tattara rigarta ta fice, shi kuwa kwana uku bai gaishe ni ba.

Shekara arba'in yana kan keken nan. Ɗinkinsa ba ya tashi, wannan ban hana shi ba. Sai yadi ya mutu, ɗinkin yana nan. Amma da ƙafar dama kaɗai yake takawa, ta hagu a naɗe ƙarƙashin benci kamar baƙuwa, kamar yadda ya ga wanda ya koya masa yana yi. Da ƙafar nan ɗaya ya ciyar da 'ya'ya biyar.

Sai agararsa ta fara ciwo, jijiyar nan mai kauri ta bayan dunduniya. Da safe ba ya iya dafa ƙasa da ita, amma in ya taka keke na ɗan lokaci sai ciwon ya lafa. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci wai aiki ne maganinta.

Rana ta huɗu ya bi ni asibiti yana ƙunƙuni. Likitar ta matsa wurin, ya kusa tashi daga gado. Ta ce jijiya zare ce a jere. A jiki akwai sinadaran da ke cinye zaren da ya lalace don a saka sabo, akwai kuma masu taka musu burki kada su wuce gona da iri. In aka ci gaba da wahalar da jijiya mai rauni, masu cinyewar sai su rinjayi masu burkin, sabon zare ba ya samun zama.

Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba ma, sai da na gane. Na ce masa, "Masu farke ɗinki sun fi masu ɗinkawa yawa a ƙafarka, kai kuma kana ta jan yadin."

Likita ta yi dariya ta ce haka ne. Ta hana shi keke wata uku, ta nuna masa yadda zai riƙa ɗaga dunduniya a hankali yana dafe da bango, ta ce ya sa wa keken injin lantarki.

Babbar 'yarsa ta kawo injin a kwali. Ya ɗora shi kan kanta, ya jera zaruruwa a kai. Wai inji ba ya jin magana, ƙafa ce ta san inda ake sassautawa a kwanar wuyan riga. Sai ya zauna ya ɗinka wa agarar ɗamara, ninki uku da roba a ciki, ɗinki biyu-biyu.

Ya ce, "Yaya, ni tela ne. Abin da ya fara yagewa, matse shi ake yi."

Na ce, "Jikin naka ma riga ka ɗauke shi?"

Ya haɗiyi ƙwayar kashe ciwo ya hau keke.

Bai cika wata biyu ba. Wata safiya ya zo tsallake kwatar ƙofar shago da bandirin yadi a kafaɗa, ya ji kamar an maka masa sanda a bayan ƙafa. Ya waiwaya zai yi zagi, ba kowa. Jijiyar ce ta tsinke. Da aka yi masa aiki, likitar ta ce bakin jijiyar ya zama kamar tsohon tsumma, da ƙyar zare ya kama. Ya warke, amma da sanda yake tafiya, ƙafar kuma ba ta da ƙarfin danna komai.

Makon jiya na je duba shi. Tun daga bakin titi na jiyo keke yana tafiya yana tuntuɓe. Na leƙa ƙarƙashin benci. Ƙafar hagu ce a kan mataki, ga ƙyalle ja ya soma ɗaura mata a dunduniya.

Ya ce, "Ɗan tsami take yi da safe, amma da na fara aiki sai ta saki."

Ban zare masa zare ba wannan karon, na gaji. Na ture zaruruwan kan kanta, na sauko da kwalin injin, ƙura har cikin hancina, na dire shi kan wandon da yake ɗinkawa. Na ɗauki mayafina.

Na ce, "Auta, ka ɗaura wannan yau. Ba ka da ƙafa ta uku, ni kuma tawa ba ta aro ba ce."